Ka duba Dubai kawai, malam

Malam ka ce wai ta yaya gari zai yi gasa kamar ɗan kasuwa alhali gari ba shago ba ne. To ka duba Dubai. Man fetur ɗinsu bai kai na Abu Dhabi ba ko kusa, masu mulkin sun san zai ƙare, sai suka gina tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali a 1979, a 1985 kuma suka buɗe yankin kasuwanci a gefenta inda baƙo zai mallaki kamfaninsa shi kaɗai ba sai ya haɗa da ɗan ƙasa ba, ga sassaucin haraji. A shekarar dai suka kafa kamfanin jiragen sama na Emirates da jirage biyu na haya daga Pakistan, biyu fa! Zawarcin masu kuɗi suke, kamar yadda yaron shago a Kantin Kwari yake tare kwastoma tun daga bakin layi. Shi ya sa 'yan kasuwarmu suka cika Deira, unguwar kasuwanni a Dubai, suna saro turare da wayoyi. Amma leburorin Indiya da Bangaladash da suka gina benayen nan, a sansani suke kwana a cunkushe, wannan kam ba ka ganinsa a talla.