Filin Tambaya da Amsa: Inaso in haɗa karatun Litireca da na fim, ko zai yiwu a ABU?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah shawara nake nema. Ina SS3 yanzu kuma zan cike JAMB bana, ni dai tun ina ƙarama inason karanta nobel na Turanci kuma inason harkar fim, ba fitowa a ciki ba, rubutawa da shiryawa. Na gani a intanet wai a Ingila ana haɗa Litireca da fim a digiri ɗaya, shin akwai haka a ABU? Kuma Baba da ya ji kalmar fim sai ransa ya ɓaci, yace Law zanyi ko in haƙura. Daga ƙanwarki a Tudun Wada, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Abinda kika gani gaskiya ne, jami'o'i irinsu Warwick da Exeter a Ingila suna bada digirin da ya haɗa adabi da fim, shekara 3 ake yi. A nan ABU kuwa raba su akayi, akwai sashen Turanci da nazarin adabi, akwai kuma sashen Tiyata da wasan kwaikwayo, duk a Faculty of Arts a Samaru, kuma ɗaya zaki zaɓa a JAMB. In kyamara da editin kikeso zalla to wannan Jos ce gidansa, National Film Institute da ke ƙarƙashin hukumar fina-finai ta ƙasa, suna digiri tare da Jami'ar Jos.

Amma bari in faɗa miki abinda yawancin yara basu sani ba kafin su shiga, ko a can Ingilan wannan kwas ɗin ba koyon riƙe kyamara bane, nazari ne, za'a baki littafi ki karanta a nuna miki fim ki kalla sau biyu sau uku sannan ki zauna ki rubuta shafi biyar ko goma akan me yasa darakta ya ajiye kyamara a bakin ƙofa bai shiga ɗakin ba, wanda yazo da niyyar shan kallo da gyaɗa a hannu tun zangon farko zai fara neman canjin kwas.

Ni a ganina tunda rubutu kikeso, ki shiga Litireca ɗin. Dalilina shine abinda yafi ƙaranci a finafinanmu ba kyamara bace, yanzu yaro da waya mai kyau da ɗan haske zai ɗauko miki hoto tas, labari ne yake mana wahala. Duba finafinai masu dogon zango da ake sakawa a YouTube, sin ɗaya mutum biyu a falo suna maimaita maganar da muka riga mukaji minti goma, saboda marubucin bai san yadda ake nuna abu ba tare da an faɗa da baki ba. Misali a nobel zaki iya rubuta cewa kishi ya daɗe yana cin uwargida, layi ɗaya kin gama. A fim ba wanda zai karanta mana zuciyarta, dole ki ajiyeta a madafi tana tuƙa tuwo, dariyar amarya da maigida tana fitowa ta taga, muciyar ta tsaya cak a hannunta har tuwon ya fara kamawa bata sani ba. Wanda ya karanta adabi sosai ya san ina labari yake da nauyi, in ya haɗa da idon fim sai ya san me zai zubar me zai bari, kuma zubarwar ce tafi wuya.

Kuma wannan haɗin ba baƙo bane a wajenmu fa. Shaihu Umar littafi ne na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Adamu Halilu ya maida shi fim a 1976. Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda yayi aikinsa nan kamfanin ɗab'i na Gaskiya a Zariya, an maida shi wasan talabijin kuma marigayi Ƙasimu Yero ɗan garin nan yana ciki. Ki samu littafin ki nemi wasan ki gwada su gefe da gefe, darasinki na farko kenan kuma kyauta.

In Allah yasa kin samu admishan, ki tambayi malamin da ke kula da ajinku waɗanne kwasakwasan zaɓi zaki iya ɗauka a sashen Tiyata, ki riƙa leƙa Drama Village, wato dandalin wasan kwaikwayo na sashen, in ɗalibai suna gwaji, ko zama kawai kiyi ki ga yadda magana da tayi daɗi a takarda take yin nauyi a bakin ɗan wasa. Laburaren Kashim Ibrahim kuma ki maida shi ɗakinki. A JAMB da WAEC kuwa kar kiyi wasa da Literature in English, in babu kiredit ɗinsa maganar ta tsaya tun a ƙofa.

Batun Baba, kar ki tunkare shi da kalmar fim, kuma kar ki ɓoye masa komai. Abinda zaki karanta Turanci ne da adabi, da shi ana koyarwa, ana aikin jarida da rediyo, ana tace littattafai, wannan duk gaskiya ne. Tsoronsa lokeshan ne da kwana a otel da surutun mutane, kuma ba laifinsa bane, to ki fahimtar dashi marubucin sikirif a ɗakinsa yake aikinsa. Ki samu Mama ko wani kawu da yake jin maganarsa su fara yi masa bayani, kuma ki gaya masa Law ɗin ma ana neman Litireca a JAMB, in kika dage akan Litirecan yanzu ko Kongo, inda ake karatun Law a ABU, ko Samaru duk bakiyi asara ba.