Jiziyar Aurangzeb ce ta karya daular Mughal?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko tsananin Aurangzeb a kan addini ne ya karya daular Mughal ta Indiya. Na daɗe ina koyar da wannan babin, kuma ra'ayina shi ne ya taimaka, amma ba shi ne ummul aba'isi ba.

Ya yi mulki daga 1658 zuwa 1707. A 1679 ya maido da jiziya, wadda kakan mahaifinsa Akbar ya soke tun 1564. An kasa ta gida uku, dirhami 12, 24 da 48, sai dai masaƙi ko majemi da ke biyan 12 ɗin shi ya fi attajiri jin jiki. A kasuwa ma ɗan kasuwa Hindu yana biyan kuɗin fito kashi 5 cikin ɗari, Musulmi kashi 2 da rabi. Ga rushe wurin bautar Hindu na Vishwanath a Banaras a 1669, ga kisan Guru Tegh Bahadur, jagoran mabiya addinin Sikh, a 1675. Waɗannan sun ɓata zukata, ba a musu.

To amma duba nan. Wa Aurangzeb ya tura ya murƙushe Shivaji, jagoran Hindu na al'ummar Maratha, a 1665? Jai Singh, basarake Hindu daga dangin mayaƙan Rajput. A ƙarshen zamanin Aurangzeb kusan kashi ɗaya cikin uku na manyan fādawansa Hindu ne. Kuma Bijapur da ya ci a 1686 da Golkonda a 1687 masarautun Musulmi ne.

Inda gizo ke saƙa shi ne jagir. Daular ba ta cika biyan hakimanta albashi daga baitulmali ba. Jagir shi ne a ba mutum yanki ya karɓi harajinsa, ya ciyar da dawakai da sojoji. Da sarki ya tafi yaƙin Dekkan, wato yankin kudancin Indiya, a 1681, bai sake komawa arewa ba har ya rasu. Ya yi ta naɗa sababbin hakimai don ya jawo Maratha da mutanen kudu, ƙasar rabo kuwa ba ta isa ba. Wani ya shekara da shekaru yana jiran jagir. Wanda ya samu ya san za a ɗauke shi bayan 'yan shekaru, sai ya tatse manomi iya tatsa. Manomi ya bar gona ya bi masu tawaye.

Lokacin da nake karatu a Indiya na ziyarci kabarin Aurangzeb a Khuldabad. Ƙasa ce kawai a buɗe, babu ƙubba. Ana cewa da kuɗin hulunan da ya ɗinka da hannunsa aka biya hidimar jana'izarsa. Ban taɓa shakkar gudun duniyarsa ba. Abin da ke ba ni takaici shi ne dukiyar talakawa da ta ƙare a kewaye ganuwoyin Maratha, a ci yau a ƙwace gobe.

Yana rasuwa 'ya'yansa suka kaure da yaƙi, gwamnonin Bengal da Haidarabad suka fara cin gashin kansu. A 1739 Nadir Shah na Farisa ya shiga Delhi ya kwashe baitulmali har da gadon sarautar ɗawisu.