Gwame: a gwiwa yake ko a tafin ƙafa?

Wata baiwar Allah daga Mabera a Sakkwato ta aiko da tambaya. Jikanta ɗan shekara 3 in yana tafiya ƙafafunsa na karkatowa ciki, maƙwabta suna cewa "ƙahwatai gwame ta". Tana son sanin ko kalmar ta dace da shi.

Hajiya, a tsayar da yaron ya haɗa ƙafafunsa, a duba. In gwiwoyinsa sun haɗe, idon sawu kuma ya ware har hannu zai shige tsakani, wannan shi ne gwame. A ganina daga "gwama" kalmar ta fito, wato haɗa abu biyu su bugi juna, kamar yadda muke cewa an gwama kawunansu, ko wane yana gwama numfashi da wane. Gwiwa ce ke gwamuwa da 'yar'uwarta. Gwame suna ne a nahawu, shi ya sa ake cewa yana da gwame, ko mai gwame. Kishiyarsa ƙafar baka, inda gwiwoyi ke warewa sawu ya haɗe.

To amma bakin mutane ya faɗaɗa kalmar, har yaron da yatsunsa ke kallon juna in yana taku a ce masa mai gwame. Ba na hana wannan a hira, sai dai kama da wane ba ta wane, kuma a nan bambancin ya shafi lafiya. Yawancin yara suna fara tafiya da ɗan baka, wajen shekara 3 zuwa 4 su koma gwame, kafin shekara 7 ko 8 ƙafa ta miƙe da kanta. Wanda aka haifa tafin ƙafarsa a lanƙwashe ciki kuwa, nasa daban ne. Ba a jira da shi, tun makonnin farko likitocin ƙashi ke gyarawa da ɗaurin filasta.

Abin da ke damuna shi ne yadda kalmar ke zama laƙabi. Yaro ya shiga makaranta ana kiransa Gwame, ya girma, ƙafa ta miƙe, suna ya ƙi fita. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana jifan juna da irin waɗannan sunaye.

In gwamen jikanki a ƙafa ɗaya yake, ko yana ƙaruwa, ko yaron na kukan ciwo, a kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a duba ƙashinsa.