Ganin Wata da Lissafin Waya

Ɗana, saƙonka ya iso ni, inda kake tambayar dalilin da ya sa har yanzu muke jiran sanarwar Sarkin Musulmi kafin mu ɗauki azumi, alhali wayarka tana iya gaya maka daren da jinjirin wata zai tsaya ko da shekara goma ne nan gaba. Na yi murmushi da na karanta, amma daga baya maganar ta tsaya mini a rai.

A daminar 1969, ana tsakiyar yaƙin basasa, muna zaune a zauren Baffa muna sauraron rediyo, sai aka ce Amurkawa biyu sun sauka a kan wata cikin kumbon Apollo 11. Nan take zaure ya kaure da gardama. Wani mai goro ya rantse cewa ƙarya ce, wani kuma ya ce tashin duniya ya zo. Baffa bai tanka ba har aka idar da magariba, sannan ya ja hannuna zuwa ƙofar gida, ya nuna mini watan, wanda bai ma kai rabi ba, ya ce: "Ko sun taka shi, bai fasa zama aya ba. Mai awo yana tambayar nisansa, mai ibada yana tambayar wanda ya rataye shi."

Kada ka ɗauka Baffa bai san lissafi ba. Da alli da yatsu yakan ƙirga kwanaki, ya san wata 29 ne ko 30, shekara kuma kwana 354, don ilimin hisabi da falaki sun daɗe a hannun malamanmu. Sai dai a wurinsu sama abin karantawa ce kafin ta zama abin aunawa, shi ya sa aka rataya azumi a kan gani da shaida: adali ya ce ya gani, a bincike shi, maganar ta bi hannun hakimi da sarki har ta isa Sakkwato.

Abin da ke damuna shi ne, a da ranar 29 ga Sha'aban gari ne ke fitowa kan tudu yana duban yamma, amma yau kanku a sunkuye yake kuna jiran saƙo. Bana ka zo gida da wayar taka, ta nuna mana inda za mu duba, mu tsaya bayan masallaci tare.