Filin Tambayoyin Gini: Tsagar Daɓe a Bakin Ƙofa da Manyan Tayil

Tambaya: Assalamu alaikum. An gama mini daɓen siminti a falo da ɗakuna uku, sai na ga magini ya bar tsaga a bakin kowace ƙofa. Ina so a shimfiɗa tayil mai santimita 60 da 120 daga falo ya zarce cikin ɗakuna ba tare da yankewa ba. Mai sa tayil ya ce zai cike tsagar da siminti ya bi ta kai. Hakan zai yi? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka yarda. Maginin ya san aikinsa, da gangan ya bar tsagar. Daɓe yana tsukewa idan yana bushewa, kuma yana miƙewa da zafi ya koma da sanyi. Falo da ɗaki kowanne yana ja zuwa tsakiyarsa, bakin ƙofa kuwa shi ne ƙuƙumin wurin da ya haɗa su, faɗinsa bai cika wuce santimita 90 ba. Duk jan nan a wurin yake taruwa. Simintin da za a cusa ba zai hana motsin ba, ɓoye shi kawai zai yi, ranar da daɓen ya motsa sai tayil ɗin da ya hau kan tsagar ya dare a miƙe kamar an ja masa layi. Babban tayil ya fi ƙarami shiga wannan hatsari, domin layukan da ke tsakaninsa kaɗan ne, motsin ba ya samun inda zai rarrabu.

Inda daɓe ya rabu, nan tayil zai rabu, layi a kan layi, kuma faɗin na sama kada ya gaza na ƙasa. A bar aƙalla milimita 6. Kafin a fara, a share tsagar da buroshi, a ja alamarta a jikin bango da fensir don kada ta ɓace idan an shafa gam. A tura siririn soso a ciki don ya tare gam da yashi. Idan mai aikin da kwaɓin yashi da siminti yake ɗora tayil, kamar yadda aka fi yi a nan, shi ma kwaɓin dole a raba shi a daidai layin. A nan ne masu aiki da yawa suke tafka kuskure: sama a buɗe, ƙasa a haɗe.

Tayil biyun da ke fuskantar juna a bakin tsagar suna bukatar kulawa ta musamman, don nan ƙafa ta fi taka. A shafa gam a ƙasa da cokali mai haƙora na milimita 10 zuwa 12, a kuma shafa wa bayan tayil ɗin, kada a bar rami ko kaɗan a gefe. Gefen da ba shi da abin da ya tokare shi daga ƙasa shi ne yake fara ɓantarewa. Bayan gam ya kama, sai a cike tsagar da silikon mai launin tayil ɗin, ba farin siminti ba. Inda ake yawan zirga-zirga ko jan kaya, kamar shago, gara a sa tsiri na alminiyam ko tagulla mai roba a tsakiya, wanda tsayinsa ya dace da kaurin tayil, a dasa shi a cikin gam lokacin shimfiɗawa.

Batun kyau kuma, idan layin ya faɗa ƙarƙashin marfin ƙofa, da an rufe ba mai ganinsa. A fara aunin tayil daga wannan layin zuwa ɓangarorin biyu, layukan tsaye su ci gaba da haɗuwa, ido zai ga kamar shimfiɗa ɗaya ce.

Tambaya: Tsagar tawa ta kauce wa inda marfin ƙofa zai tsaya da kusan santimita 7. Zan iya matsar da layin tayil in bar ta a ƙasa? Daga wata mai karatu a Maraɗi.

Amsa: A'a, Hajiya, ko santimita 2 ne tayil zai fashe a kan tsagar ta ainihi. Hanya mafi sauƙi ita ce a sa dokin ƙofa na mabul ko dutse mai faɗin bango, gefensa ɗaya ya tsaya daidai kan tsagar, a sa silikon a wannan gefen. Idan tsagar a daɓe kaɗai take, ana iya ɗinke ta da ifoksi (wani gam mai ƙarfi sosai) da gajerun ƙarafa a gicciye, sannan a yanka sabuwa da injin yanka a inda ake so, zurfinta kamar kashi ɗaya cikin uku na kaurin daɓen. Amma idan ta sauka har cikin kankaren gini, kamar inda aka haɗa sabon ɗaki da tsohon gida, ba a taɓa ta. Nan ko shimfiɗar roba da ake sawa ƙarƙashin tayil don raba shi da daɓe ba ta isa ba.

Tambaya: Ni ba a bar mini tsaga ko ɗaya ba, kuma daɓen kwanansa goma. In fara sa tayil?

Amsa: Ka dakata. A yanka tsagar yanzu a kowane bakin ƙofa, a kuma bar daɓen ya cika aƙalla mako 3. Da hunturu saman yakan bushe da wuri ya ruɗi mutum alhali cikin da danshi. Ka manna leda a ƙasa da tef ta kwana. Idan ka ga raɓa a ƙarƙashinta da safe, da saura. Ka bar milimita 6 tsakanin tayil da bango a kewaye, sikatin, wato siririn tayil ɗin da ake bi gindin bango da shi, zai rufe shi, kuma idan falon ya wuce mita 8 a tsayi, ko rana tana dukansa ta manyan tagogi, a ƙara wata tsagar a tsakiya.