Amsa kan irin waken suya mai tabon shunayya

Ɗan'uwa, ka ce irin waken suya da ka ajiye daga gonarka ta wajen Ngong, kusa da Garwa a arewacin Kamaru, wasu ƙwayoyin sun yi tabon shunayya, wasu sun motse sun yi fari-fari, kana tambaya ko a shuka su bana. Ciwo biyu ne a buhun nan, kuma ba nauyinsu ɗaya ba.

Tabon shunayyan aikin fumfunar da masana ke kira Sarkospora ne. Yana ɓata kyan wake a kasuwa, amma in tabon bai cinye bawon ƙwaya ba, yawanci tana tsirowa. Motsattsun nan masu tsaguwa da fari kamar alli su ne abin tsoro, fumfunar Fomopsis ce. Tana kama ƙwayar ne in waken ya nuna a lokacin da ruwan sama ke zuba ga kuma zafi, ko an bar shi a gona bayan ya bushe, raɓa na jiƙa shi rana na busarwa. Irin wannan ƙwaya a cikin ƙasa take ruɓewa, ko ta fito ganyen farko biyu su yi baƙi ta mutu. Sai manomi ya ɗora laifin a kan tsuntsaye ko ƙarancin ruwa.

Kafin ka kashe ko sisi, ka tsince motsattsu da fasassu, sannan ka ɗebi ƙwaya 100 daga sama da tsakiya da gindin buhu. Jera su a jiƙaƙƙen yashi a inuwa, kada ya bushe, ka ƙirga bayan kwana 7 zuwa 8. In 80 ko fiye suka fito lafiyayyu, shuka. Ƙasa da 70, a ganina ka sayar a yi awara, ka nemi sabon iri a IRAD, cibiyar binciken aikin gona ta Kamaru, reshen Garwa, ko wurin masu noman iri da aka yarda da su.

In ya ci gwajin, a garwaya shi da maganin iri mai kashe fumfuna, kamar Apron Star ko mai sinadarin thiram, daidai awon da ke jikin ledar. Yayyafa ruwa kaɗan don garin ya kama; jiƙa waken suya sharkaf kumbura bawon yake yi ya saɓule. Maganin na tsare mai rai ne, ba ya tayar da matacciyar ƙwaya. Wanda zai sa wa irin garin rizobiyam, wato ƙwayoyin halittar da ke taimaka wa saiwar wake ta samar masa da taki, ya fara da maganin, ya bushe, sannan garin, ya shuka a ranar. Zurfin rami kada ya wuce santimita 5, kuma ragowar irin da aka sa wa magani ba na ci ba ne, ko ga kaji.

Fumfunar na kwana a karmamin bara ma, don haka gonar nan a ba ta masara ko dawa ko auduga bana. Na baɗi kuwa, da kwanso ya bushe a cire, a sussuka a hankali a kan tampol, a shanya har ƙwaya ta ce ƙaras a haƙori, buhun kuma a ɗora kan katako.