Ya buga tambarina a robar yogot, ya hana ni cikon kuɗina

Barista, assalamu alaikum. Ina da ƙaramin kamfanin talla a Kano, mu biyar ne. Kafin azumin da ya wuce wani Alhaji mai kamfanin yogot ya ba mu aikin tambari, waƙar tallar rediyo da gajerun bidiyo uku a kan naira miliyan 1.8. Ya ba da kafin alƙalami naira dubu 600. Ba mu rubuta komai ba, duk a WhatsApp muka yi. Manajansa ya ce a yi kaza, ɗansa ya turo saƙon murya ya ce a rushe, shi Alhajin ya zo da nasa. Sau goma sha ɗaya muka gyara bidiyon. Yanzu tambarinmu yana jikin robobinsa da motocinsa, waƙar tana tashi a rediyo, amma ya ce bidiyon bai yi masa ba, ba zai cika ba. Yarana suna bina kuɗin aiki. In kai shi wurin 'yan sanda ne, ko in hana shi amfani da tambarin?

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya warware maka.

Maganar 'yan sanda ka ajiye ta tun yanzu. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana a kama mutum saboda saɓa yarjejeniya ko rikicin da ba na laifi ba, kuma kotuna sun sha cin tarar masu bin bashi da suka sa aka tsare wanda suke bi. Za ka shiga kana bin miliyan 1.2, ka fito ana binka diyya.

Rashin takarda bai kashe maganarka ba. A dokar Najeriya cinikin aiki irin wannan yana ƙulluwa da baki, yana ƙulluwa da saƙo. An faɗi aiki, an faɗi farashi, an amsa, kuɗi ya shiga asusu: yarjejeniya ta tabbata. Wahalar tana wajen nuna wa alƙali abin da aka yi alkawari daidai, kuma a nan wayarka ce babbar shaidarka. Kada ka sayar da ita, kada ka sauya ta, kada ka goge ko da gaisuwar safe. Idan kun kunna tsarin nan da saƙo ke ɓacewa da kansa, kashe shi yau. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda a karɓi saƙonnin waya da na kwamfuta, da sharaɗin a haɗa da takardar tabbatarwa da ke bayyana na'urar da aka ciro su da cewa tana aiki lafiya a lokacin. Saƙonnin murya da aka yi da Hausa sai an rubuta su an fassara, tunda harshen kotun majistare da babbar kotu Turanci ne. Ka karɓo bayanan asusunka daga banki inda dubu 600 ɗin nan ta fito da sunan wanda ya turo. Ka je shago ka sayi yogot ɗin guda biyu, ka karɓi rasit, ka ajiye robar. Ka naɗi tallar lokacin da take tashi, ka rubuta tasha da rana da sa'a.

Abin da nake so ka nema a cikin hirar nan, layi bi layi, shi ne wurin da wani daga ɓangarensu ya ce “ya yi” ko “a tafi da wannan”. Idan manaja ne ya faɗa, kana da ƙarfi, domin wanda mai kamfani ya tsayar a gaban mutane a matsayin wakilinsa, maganarsa tana hawa kan kamfanin ko da daga baya maigidan ya ce bai aike shi ba. Maganar ɗan Alhaji kuwa ta danganta. Idan uban ne ya saka shi a guruf ɗin, ko ya taɓa cewa “ku bi abin da yaron nan ya ce”, ta zama hujja. Idan shi ya kutso kansa kuka biye masa don kunya, lauyansu zai ce gyaran da kuka yi masa ganin damarku ne. Na san yadda abin yake, ɗan mai kuɗi ya kira ka da ƙarfe sha ɗaya na dare ya ce launin nan bai yi ba, ba ka iya ce masa kai wane ne. Amma a gaban alƙali wannan kunyar kai take ci.

Shi ma Alhaji ba zai tsira da “bai yi min ba” kawai ba. Sai ya nuna inda bidiyon ya saɓa wa abin da aka yi magana. Kuma ko da kotu ta yarda cewa bidiyon bai kammala ba, ya karɓi tambari da waƙa yana cin moriyarsu, doka tana ba wanda ya yi aiki aka amfana da shi lada gwargwadon aikin. Malamanmu na fiƙihu ma sun san wannan, shi ne suke kira ujratul misli. Saboda haka ka zauna ka raba miliyan 1.8 ɗin gida uku, nawa ne tambari, nawa ne waƙa, nawa ne bidiyo, da farashin da za ka iya karewa. Kuɗin ƙarin gyare-gyare goma sha ɗaya kuwa, gaskiya zai yi wuya ka samu idan ba ka taɓa cewa za a biya ba kafin ka yi.

Sai batun hana shi amfani da tambarin, inda masu sana'arku suka fi ruɗewa. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, a sashe na 28, ta ce haƙƙin aiki yana fara zama ne a hannun wanda ya ƙirƙire shi, sai idan yarjejeniya ta ce akasin haka. Sashe na 30 kuma ya ce mallaka wa wani haƙƙin gaba ɗaya ba ya inganta sai a rubuce. Tunda ba ku rubuta ba, Alhaji bai mallaki tambarin nan ba, ko da ya biya wani abu. Wannan ya yi maka daɗi. Sai dai sashen ya kuma ce izinin amfani wanda ba na keɓewa ba yana iya fitowa daga baki ko daga yadda mutane suka yi mu'amala. Kai ka tura masa fayil ɗin da hannunka, ka san bugawa zai yi. Zai ce ka ba shi izini, kai kuma ka ce izinin yana rataye da cikon kuɗi. Magana ce da ake iya ja, ba wadda aka gama ba.

Akwai kuma tambayar da ban ga ka yi wa kanka ba: wa ya zana tambarin? Idan yaronka ne, ko wani da ka ɗauko ka biya shi na aikin, kuma babu takarda tsakaninku, to a ƙa'idar sashe na 28 haƙƙin yana hannunsa, ba hannun kamfaninka ba. Haka mawaƙin da ya tsara waƙar. A bidiyo kuwa, doka ta ɗauki wanda ya shirya yadda za a yi shi a matsayin mai shi, wato kai. Kafin ka yi wa kowa barazana da haƙƙin mallaka, ka kira mai zanen da mawaƙin, ka sallame su ko ku yi maganar yadda za ka sallame su, su sa hannu a takardar mallaka wa kamfaninka. Ka kuma sani cewa ƙarar haƙƙin mallaka Babbar Kotun Tarayya kaɗai ke sauraro, bisa sashe na 251 na Kundin Tsarin Mulki, kuma tana cin lokaci da kuɗin lauya. A kan miliyan 1.2 ba zan tura ka can da farko ba. Amfanin wannan haƙƙin a gare ka shi ne a teburin sulhu: duk ranar da Alhaji ya tashi yi wa tambarinsa rajista a Abuja, ko wani ya kwaikwayi robarsa yana son ya kai ƙara, zai buƙaci takardar da ke hannunka.

Ga yadda zan bi da shi da ni ne. A fara da wasiƙar neman biya daga lauya, mai ladabi, wadda ta faɗi aikin da aka yi, abin da ya rage, wa'adin kwana 14, da tayin cewa da zarar ya cika za ka mallaka masa tambarin da waƙar a rubuce, ka kuma yi wa bidiyon gyara ɗaya na ƙarshe. Kafin a rubuta, a duba shafin Hukumar Rajistar Kamfanoni a ga ko kamfaninsa mai “Limited” ne ko sunan kasuwanci ne kawai. Idan na farko ne, kamfanin ake ƙara. Idan na biyu ne, shi kansa. Mutane da yawa sun yi asarar watanni a kan wannan kuskuren.

Idan ya yi shiru, akwai zauren sulhu na babbar kotun jiha a nan Kano, inda mai shiga tsakani zai zaunar da ku ba tare da tonon asiri ba, kuma abin da kuka sa wa hannu alƙali yana iya amincewa da shi ya zama kamar hukunci. Ga ɗan kasuwa mai gudun sunansa ya fita, wannan ya fi karɓuwa. Idan ya ƙi zuwa, sai kotun ƙananan basussuka da ke ƙarƙashin majistare, wadda aka tsara ta don a gama shari'a cikin kwana 60, kuma kana iya tsayawa da kanka ba lauya. Ka tambayi rajistara iyakar kuɗin da suke karɓa a yanzu. Kada ka bari ya kwana da yawa, domin wa'adin shigar da ƙarar yarjejeniya shekara biyar ne ko shida gwargwadon jiha, kuma shaida tana lalacewa tun kafin nan.

A tsakanin nan ka kama bakin yaranka. Kada wani ya hau Facebook ko TikTok ya kira shi macuci, kada kuma ku sauya lambar sirrin shafinsa idan tana hannunku. Na farko ƙarar ɓata suna ce, na biyu yana iya jefa ku cikin Dokar Laifukan Intanet.

Aikin da ke tafe kuma, shafi ɗaya ya isa, ko da Hausa aka rubuta shi. A sa sunan mutum ɗaya tak da zai riƙa amincewa da aiki daga ɓangarensu, a rubuta cewa gyara sau biyu ne a cikin farashi, na uku da kuɗinsa. Rabi kafin a fara, wani kaso idan an nuna samfur, ciko kafin a miƙa fayil na asali, samfurin kuma ya tafi da tambarinka a kwance a kansa yadda ba zai bugu ba. A ƙara layi ɗaya cewa haƙƙin mallaka ba ya komawa hannunsu sai kobo na ƙarshe ya shigo. Idan wani ya kira ya ba da umarni da baki, bayan kun ajiye waya ka tura masa saƙo: “Ranka ya daɗe, kamar yadda muka yi magana yanzu, za a mayar da launin kore, ƙarin naira kaza, a tabbatar min.” Kada a taɓa kwamfuta sai amsa ta dawo.